Wiski, Ram da Tekila: Meye Bambancinsu?

Tambaya: Salam Anti, ina aiki a wani otel a Abuja, ni ba na sha amma kullum baƙi sai sun tambaye ni bambancin ukun nan, wallahi kunya nake ji.

Amsa: Ƙanena, daga tushe suka rabu. Wiski da hatsi ake yi, na Sikotlan doka ta ce sai ya shekara 3 a gangar katako, shi ya sa kalarsa kamar shayi, wani ma har ƙaurin hayaƙi yake yi. Ram kuwa daga rake ne, irin na Jamaika da Kuba, ƙamshinsa na ɗan kama da mazarƙwaila. Tekila ta Meziko ce, galibi jihar Jalisco, daga tsiron agave mai gindi kamar ƙatuwar abarba, sai an gasa shi tukuna.