Zan iya biyan kuɗin asibitin Hajiyata da HSA?

Ɗan'uwa, ka ce kana aiki a Amurka, Hajiya kuma tana jinya a Kano, kana so ka biya mata daga asusunka na HSA, wato asusun ajiyar kuɗin jinya da ake yafe wa haraji a Amurka. Allah ya ba ta lafiya, amma kada ka taɓa kuɗin nan.

Dokar IRS, hukumar harajin Amurka, ta yarda ka kashe su a kanka, da matarka, da waɗanda kake ɗauke da nauyinsu, ko da ba sa cikin inshorarka. Uwa tana shiga idan kai ke ɗaukar fiye da rabin hidimarta. Matsalar ita ce sai ta kasance 'yar ƙasar Amurka, ko tana zaune a Amurka, Kanada ko Meziko. Mai zaune a Kano da fasfon Najeriya ba ta ciki, ko kai ke sayen kowace ƙwayar magani.

In ka cira don jinyarta, za ka biya harajin da aka yafe maka, a ƙara tarar kashi 20 in ba ka kai shekara 65 ba. Tura mata daga albashinka, ka bar HSA ga haƙoran yara, gilashin ido da haihuwar uwargida. Rasit kuwa, ka adana kowanne.