Dalilin da yasa na hana mai jif ɗin nan kare

Toh yarona, naga saƙonka tun bayan la'asar, gosulo ne ya riƙe ni a Oshodi sai yanzu na samu zama. Kace abin ya ɗaure maka kai, keji duk ya cika a gidan nan namu na kula da dabbobin da aka yasar, buhun abinci kullum ƙara kuɗi yake, ga mutum yazo da ƙatuwar jif yace a bashi baƙin karen nan har zai ajiye mana wani abu, ni kuma nace yaje zamu neme shi. Ai naga yadda ka haɗe rai lokacin.

Ka tuna hirar da mukayi dashi a gabanka? Nace wa zai riƙa bashi abinci, yace maigadi. Nace ina zai kwana, yace akwai keji a bayan gida kusa da janareto. Nace madam ta sani, yayi dariya. Nace gidan naka ne, yace haya ne amma lanlod ba ruwansa, wato dai bai gaya masa ba. Shi kuma tunda ya shigo tambayarsa ɗaya ce, yana cizo? Ko sau ɗaya bai tsuguna karen ya shinshina hannunsa ba. Wannan in ka bashi, wata biyu yayi yawa zaka sake ganin karen, ko dai a bakin get ɗinmu da asuba an ɗaure da igiya, ko a bola.

Kai baka zo ba lokacin da aka kawo baƙin karen, shiyasa. A bakin kwalbati wajen Agege aka tsince shi, masu shi sun tashi daga gida sun barshi ɗaure, sarƙar ta ci wuyansa har ta shige cikin nama sai da likita ya sa masa allurar barci kafin a cire. Kunnuwansa kuwa kaska ce reras kamar an zuba wake, na kwana biyu ina cirewa ɗaya bayan ɗaya. Sati uku in ka ɗaga tsintsiya sai ya saki fitsari. Yanzu da gashi ya dawo yana sheƙi shine kowa ke so, kuma kace in maida shi cikin hayaƙin janareto?

Maganar maigadi kuma ka riƙe ta da kyau don a Legas nan aikin yake. Oga yana fita tun shida na safe bai dawowa sai dare, wanda zai zuba ruwa, ya kwashe kashi, ya buɗe keji, maigadi ne, kuma sau da yawa ɗan'uwanmu ne daga Arewa ko Nijar. To idan munje duba gida, ni ina falo da oga muna cike fom, kai ka sulale bakin get ku gaisa da Hausa. Shi zai gaya maka gaskiya, ko sun taɓa kiwon kare, yaya ya ƙare. Wani zai ce maka shi wallahi baya taɓa kare saboda sallah, kar ka ja musu dashi haƙƙinsa ne, amma ka sani gidan ba mai kula kenan. Wani kuma ɗan Fulani ne da kare ya tashi a ruga, wannan in ka samu ka huta.

Akwai kuma masu zuwa da fara'a suce kowanne ma a basu, babba dai mai jiki, basu tambayar shekaru balle katin allura. Masu 404 ne, wato masu cin naman kare, tukunya suke nema masa. Shiyasa bama bayarwa ranar farko kuma bama bayarwa sai munga gidan da idonmu, katanga, inuwa, da inda ruwa ke kwanciya in damina ta sauka.

Sannan ko da mutumin kirki ne, ƙaramin jan karen nan da ka nuna masa daga baya ba mai fita bane yanzu, kwanansa biyar kacal. Duk sabon zuwa sai yayi sati biyu a killace, a bashi maganin tsutsar ciki, a kashe kaska da ƙuma, a ga yanayin kashinsa. Kwikwiyo ya fara amai da gudawa mai jini da wani irin ƙarni, cutar fabo ce mai yaɗuwa tsakanin karnuka, ka ware shi nan take ka wanke ƙasa da Hypo har takalminka, sabulu kaɗai baya kashe ta, kuma tana daɗewa a ƙasa watanni. Allurar haukan kare daga wata uku ake yi, a rubuta a kati, a riƙa sabuntawa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana yin ta, sai dai in bata zauna cikin sanyi ba ruwa kawai ka tsira masa. Cutar haukan karen nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a. Ka samu cizo ko yaƙushi kar ka ɓoye min don tsoron faɗa, ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 ka wuce asibiti ranar, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana kallonsa. Kuma ba mai fita sai an masa dandaƙa, macen a mata aikin tsayar da haihuwa, don cikin karya wata biyu ne kawai, ka bada ɗaya a dawo maka da bakwai cikin kwali.

Kyanwa ta fi sauƙi a wajen mutanenmu, masu shago a Mile 12 da Idi Araba kullum suna nema saboda ɓera. Amma wani gani yake ɓera kaɗai ya ishe ta, ya kulle shago ya tafi gida sallah sati biyu. Irin wannan nake tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, bata ciyar da ita ba bata sake ta ba. Ka gaya musu kuma kar a kuskura a bata farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, madarar gwangwani ma gudawa take sa ta.

Shi baƙin karen akwai wata dattijuwa a Ogba, sau biyu tana zuwa, zuwan ƙarshe kusan awa ɗaya tayi zaune kan benci har ya ɗora haɓarsa a ƙafarta. Gidan nata ne, jikanta ne zai riƙa fita dashi. Ranar Asabar zamu je mu gani, ka fito da wuri kafin hanya ta cushe, ka ɗauko katinsa da fom guda biyu, kuma kar ka bashi abinci da safen don yana amai a mota.