Kafin a sayi kamara: amsa ga Baba Dattijo

(An rubuta muryar nan saboda waɗanda rezo bai bar su sun saurara ba.)

Salama gare ku ƴan'uwa. Baba Dattijo, barkanku da yamma, ina gajiya, ya zafi? Na saurari tambayarku. Kun ce ikkilisiya ta tashi daga mutum sittin zuwa wajen ɗari biyu, galibin sabbin zuwan kuwa ɗaliban jami'ar André Salifou ne da ma'aikatan da aka turo Damagaram. Matasa sun matsa a sayi kamara a riƙa watsa sujada kai tsaye a Facebook, abin da ke asusu kuwa ba zai ɗauki komai da komai ba. Da me za a fara?

To Baba, a ganina kamara ita ce ta ƙarshe. Ba laifi ba ce, sai dai akwai abubuwan da suka riga ta.

Sa'ad da ake mutum sittin, Fasto ya san ƙofar gidan kowa. A ɗari biyu ba zai yiwu ba, ko da ya daina barci. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya kwanta ciwo Lahadi uku, ba wanda ya leƙa shi, ya warke ya koma wani wuri ko ya zauna gida. Shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa 18 ke nan, a naɗa shugabannin dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Ku raba jama'a bisa unguwa: Birni, Zango, Sabon Gari, Karkada, Garin Malam, da sauransu. Mutum goma zuwa sha biyar ga shugaba ɗaya da mataimaki. In sun wuce ashirin a raba su biyu, domin daga nan shugaban ya fara manta sunaye. Ga kuma inda ake yawan tuntuɓe: kada shugaba da mataimakinsa su zama duka baƙi. Ma'aikaci takarda ɗaya ce za ta ɗauke shi zuwa Tawa ko Difa, ɗalibi kuma da an yi babban hutu ya tafi. A haɗa mai wucewa da ɗan gari zaunanne, ko wata uwa daga zumuntar mata, su ne ma suka fi kowa sanin wanda ya haihu da wanda aka yi wa rasuwa.

Rijistar mutane babban littafi mai bangon kwali ya isa. Suna, unguwa, lambar waya, harshen da mutum ya fi ji, ranar baftisma in an yi. Layin harshen nan kada a raina shi. In rabin majami'a Faransanci suke ji, ƴan Benin da Togo da wasunsu, to mai fassara na biyu ya fi muku kamara amfani. Duk wata uku sakatare ya zauna da shugabannin unguwa a gyara littafin. Sai ya daidaita a takarda tukuna a zuba shi a kwamfuta.

Sai kuɗi. Nan ne ikkilisiya mai girma take fashewa, kuma sau da yawa ba sata aka yi ba, zato ne. Baiko da zakka mutum biyu ne za su ƙirga, ba ƴan gida ɗaya ba, nan take bayan sujada, su rubuta, su sa hannu, sannan su miƙa wa ma'aji. Fasto ba ya ƙirga, ba ya ajiya, wannan kariya ce gare shi. Ko manzanni da gunaguni ya tashi kan rabon abinci ga gwauraye mata, a Ayyukan Manzanni 6, mutum bakwai suka sa aka zaɓa suka bar musu aikin. Masu aiko da kuɗi ta NITA ko Amana ko Airtel Money, a ba su lamba ɗaya tak, layin da aka ware wa ikkilisiya, ba na aljihun wani dattijo ba. Saƙo ya shigo, a rubuta shi ran nan, da kuɗin cirewa a layinsa daban, domin ƴan dalolin nan da ake yanka su ne ke sa lissafi ya ƙi haɗuwa ƙarshen wata. Ko jika ɗaya aka kashe a karɓo resi. Duk wata uku a karanta lissafi gaban jama'a.

Takardun fili kuma su kasance da sunan ikkilisiya, ba sunan Fasto ko na wanda ya ba da kyauta ba, saboda magada. Duk wanda ke garin nan a Janairun 2015 ya san majami'u sun ƙone, wuta kuwa ba ta tsallake takarda. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, kwafi ɗaya ya tafi ofishin ɗarikarku, ɗaya wurin wani dattijo.

Yanzu mu zo ga na'ura. Wuta ce farko. Kun san halin NIGELEC a watan Afrilu da Mayu, kun kuma tuna yadda aka sha lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023. Kafin a je kasuwa sayen sola a yi lissafin kaya. Misali fanka shida, kowace wat 70, ke nan 420. Ƙwan LED goma masu wat 10, ɗari. Ampili da mikisa da piyano a ce 300. Jimla wajen wat 800, sujadar awa uku tana cin wat-awa 2400. Batir na 12V 200Ah a rubuce 2400 ɗin yake ɗauka, amma batirin dalma rabinsa kawai ake sha in ana so ya yi rai. Wato biyu su ne mafi ƙaranci, kuma da su za a riƙa kai su iyaka kowane mako. Huɗu sun fi kwanciyar hankali, musamman in akwai addu'ar dare. Pano, wato farantin sola, guda huɗu masu wat 300 za su riƙe wannan, tunda babbar sujada da rana ake yi. Akwatin juya wuta ya kai wat 1500 ko 2000, kuma ku ce wa mai shago mai tsabtatacciyar wuta kuke so, wanda suke kira pur sinus. Mai arhar nan shi ke sa lasifika gurnani, fanka ta yi zafi tana kuka.

Abu biyu ke kashe sola a Damagaram. Zafi da ƙura. Batirin dalma, duk ƙarin digiri goma sama da 25 yana kusan raba rayuwarsa biyu, don haka ɗakin kwano marar taga kabarinsa ne. A sa shi ɗakin da iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa. In mai ruwa ne a duba shi duk wata, a ƙara ruwan batir, ba na pampo ba. Lokacin hunturu a goge pano duk mako da sassafe kafin ya ɗau zafi, da tsumma mai laushi. Sannan a rubuta sunan mutum ɗaya da wannan aiki. Kuma a hana jona firji da dutsen guga, domin ranar bikin aure wani zai gwada.

Sauti shi ne na biye. Ƙarar nan mai tsaga kunne ba lalacewa ba ce, makirufo ne ya shiga gaban lasifika yana jin kansa. A matso da lasifikan gaba da mai wa'azi, suna fuskantar jama'a. Majami'a mai rufin kwano da bangon siminti tana amsa kuwwa, ƙara murya kuma ƙara dagula ta yake. Gara ƙananan lasifika huɗu, biyu gaba biyu tsakiya, a sassauta, da manya biyu da ake ƙure wa murya. Wajen kunnawa ampili ne ƙarshe, wajen kashewa shi ne farko. A koya wa matasa uku, ba ɗaya ba. Lasifikar waje kuwa ni ban ba da shawararta ba. Muna zaune cikin maƙwabta Musulmi, a kiyaye lokutan salla, in za a yi taron dare a je a gaida mai unguwa a sanar da shi tun da wuri.

To abin da matasan ke nema, wato wa'azi ya kai ga wanda bai zo ba, murya ta fi bidiyo yin sa. Watsa bidiyo mai kyau na awa ɗaya yana cin wajen giga ɗaya, ga rezo yana yankewa, mai kallo ma sai ya ƙona nasa kuɗin. Wa'azin minti talatin kuwa in an matse shi bai wuce mega bakwai ko takwas ba. A ja waya daga mafitar mikisa zuwa abin ɗauka, kada a ajiye salula kan bagadi, fanka da kukan yara kawai za ta kwaso. A yanke gaisuwa da sanarwa, a tura ran Lahadi da yamma. Masu ƙaramar waya a zuba musu ta Bluetooth ko a katin memori, shi ne zai kai ƙauyukan Mirya da Matamai.

Zauren WhatsApp a yi biyu. Na sanarwa, wanda masu kula kaɗai ke rubutu, da na hira. Masu kula su zama uku, kada mutum ɗaya ya yi fushi ya tafi da zaure. Kowannensu ya kunna lambar sirri mai lamba shida ta mataki na biyu, kuma a faɗa a majami'a da baki: duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo ta saƙo, ɓarawo ne. Da ita ake ƙwace WhatsApp ɗin dattijo a bi mutane ana roƙon kuɗi da sunansa. Roƙon addu'a mai sunan mutum da ciwonsa kuma ba na zaure ba ne, na shugaban unguwa ne.

In duk wannan ya zauna kuɗi ya ragu, a sayi kamarar. Amma a kafa ta tana kallon bagadi kawai, ba fuskokin jama'a ba. Akwai mai zuwa sujada da danginsa ba su sani ba, hoto ɗaya a Facebook zai iya raba shi da gida ko da aure. Baftisma ba a sa ta sai mai ita ya yarda da bakinsa, yara kuma sai da izinin iyaye. Shafin ma a buɗe shi da masu kula biyu, ɗaya daga cikin dattawa.

Baba, in za ku kai maganar gaban majalisar dattawa, ku tafi da lissafin wat ɗin nan a rubuce bisa kayan da kuke da su, ku kuma nemo farashi daga shago uku kafin ranar. A gaida Mama da yara.