Amsar Kawu kan ƙaura daga Windows da Facebook

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin jikina ya yi sanyi. Kana tambaya ko ya dace ka bar Facebook, inda dangi suke sanar da biki da suna da rasuwa, ka koma Mastodon, wani dandalin sada zumunta, sannan ka cire Windows daga kwamfutarka ka sa Linux, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows.

Batun kwamfuta bai dame ni ba. Tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, tsohuwar na'urarka kuma ba ta ɗaukar Windows 11, ka fara gwada Linux Mint, wani nau'in Linux, daga filashi kafin ka goge komai. Linux ɗin ma ba baƙo ba ne, domin tun 1991 Linus Torvalds ya fara shi yana ɗalibi a Finland.

Mastodon kuwa, wanda Eugen Rochko ya fito da shi a 2016, majalisarmu ya tuna mini. Kowace saba, wato kwamfutar da mutane ke buɗe asusunsu a kanta, tana da mai ita da dokokinta, amma magana tana ƙetarawa daga wannan zuwa waccan, kamar zaurukan unguwa ɗaya. Muna samari, a zauren wani tsohon tela muke taruwa bayan la'asar. Tabarmar tasa ce, haka ma rediyon da aka ɗaure murfin batirinta da ƙyalle, kuma shi yake tsawata wa duk wanda ya yi ashar. Wata Laraba muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa, ashe ya sayar da keken ɗinkinsa ya koma ƙauye. Muka tsaya cirko-cirko har aka kira magariba, kuma majalisar ba ta sake haɗuwa ba. Haka saba take idan mai ita ya gaji da biyan kuɗi: in ka samu sarari za ka kwashe mabiyanka, amma tsofaffin rubuce-rubucenka ba za su bi ka ba.

Kakanka yakan ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai dai babban gidan ma ana rufe shi, kamar yadda aka toshe Twitter a Najeriya wata bakwai daga Yunin 2021.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ku 'yan yanzu ko ta'aziyya a waya kuke yi. Gwaggonka ba ta san wani Mastodon ba, kuma ta ce rabonta da ganinka tun ƙaramar salla.