Ma'aikacin Sarkin Ingila na Ƙarni na 14: Ta Ina Ake Gano Danginsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai nazarin tarihin Turai. Mun karanta labarin William na Wykeham, wanda ya yi wa Sarki Edward na Uku aiki, sai abokina ya ce duk Baturen da ake kira Wykeham a yau jikansa ne. Haka ne? Kuma ta yaya masana suke gano dangin mutumin da ya rasu fiye da shekara 600?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abokinka ya yi tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. William malamin coci ne, a tsarin Katolika kuwa irinsu ba sa aure, saboda haka babu ɗan da ya gaje shi. Sunan ma ba na gidansu ba ne. Mahaifinsa John Long ake kiransa, Wykeham kuwa daga Wickham aka samo shi, ƙauyen da aka haife shi a yankin Hampshire. Ka ɗauke shi kamar Aminu Kano ko Shehu Shagari. Ai ba duk mai Kano a ƙarshen sunansa ne ɗan'uwan Malam Aminu ba.

Shi kansa William bin sawunsa ba wuya, domin wanda ya ci albashin sarki sai ya bar alama a takarda. A 1356 aka ɗora shi kan aikin ginin fadar Windsor, a 1367 ya zama bishop, wato babban limamin coci, na Winchester kuma shugaban ofishin hatimin sarki, ya rasu a 1404. Irin waɗannan naɗe-naɗe suna cikin kundin da ake kira Patent Rolls, fatun tumaki da aka ɗinka aka nannaɗe kamar tabarma, waɗanda suka soma tun 1201, kuma suna ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan. Da Latin aka rubuta su, kuma da shekarar sarauta suke lissafi. In ka ga "shekara ta 30 ta Edward na Uku", sai ka ƙirgo daga Janairun 1327 da ya hau gadon sarauta, ka faɗo a 1356.

To amma takardar naɗi ba ta gaya maka wa ya haifi wa. Wannan sai takardun gado, kuma a nan masana suka fi daɗewa. Idan mai riƙe da fili kai tsaye daga hannun sarki ya mutu, akan tara mutanen yankin su rantse su faɗi filayen da ya bari, da magajinsa, da shekarun magajin. Ba don son tarihi ake yi ba, sarki ne yake lissafin rabonsa, domin in magajin yaro ne, amfanin filayen na sarki ne har ya girma. Ranar da yaron ya zo karɓar kayansa, sai a kira dattawa su tabbatar da shekarunsa. Wannan ya ce ya tuna don a shekarar ya karye a ƙafa, wancan ya ce a makon aka haifa masa 'ya. Ni dai ba na gasgata su duka, don akan ga labari iri ɗaya yana maimaituwa a shari'u daban-daban, alamar magatakarda ne yake cike gurbi.

Akwai kuma takardar cinikin fili, wadda tun 1195 ake rubuta ta sau uku a fata guda, a yanka ta a karkace. Mai saye ya ɗauki ɗaya, mai sayarwa ɗaya, ta ƙasan ta zauna a baitulmali. Wanda ya zo da jabu, bakin yankan ba zai haɗu ba. Sau da yawa a nan ake tsintar sunan matar mutum.

Bari mu bi dukiyar William mu gani. A 1377 ya sayi gidan Broughton a Oxfordshire. Yana da 'yar'uwa Agnes, 'yarta Alice ta auri William Perrot, ɗansu Thomas ya ajiye sunan Perrot ya ɗauki Wykeham, shi ne kuma ya ci gadon. A tsakiyar ƙarni na 15 Margaret Wykeham ta auri William Fiennes, gidan ya koma hannun zuriyar Fiennes, kuma har yau su ne a cikinsa. Ka ga ke nan jinin 'yar'uwarsa ya canza suna har sau da dama, fili ne kawai bai canza ba.

Akwai dalilin da ya sa dangin William suka sha masu da'awa. William ya kafa New College a Oxford a 1379, da makarantar Winchester a 1382, ya kuma ware wa danginsa fifiko wajen shiga. Inda akwai romo kuwa dangi ba sa ƙaranci. A ƙarni na 16 wani gida na ƙauyen Swalcliffe mai sunan Wykeham ya nemi a lissafa shi cikin dangin, aka yi ta jayayya a kai. Shi ya sa duk salsalar da aka rubuta shekara 200 bayan mutum, ba na karɓarta sai na ga takardar zamaninsa ta mara mata baya.

Wani cikas kuma, rajistar baftisma da aure da jana'iza a coci-coci sai a 1538 aka wajabta ta. Kafin nan, wanda ba shi da fili da wuya ka ga sunansa, in ban da jerin masu biyan harajin kai na 1377, 1379 da 1381.

In za ka gwada da kanka, an taƙaita yawancin waɗannan kundaye da Turanci an buga su, wasu ma suna intanet a British History Online. Ka nemi sunan da rubutu iri-iri, Wykeham, Wickham, Wikham, don magatakardan lokacin yadda kunnensu ya ji suke rubutawa. In kuwa ƙaramin bara ka zaɓa, kamar mai kula da dawaki ko mai tsaron ƙofa, kada ka yi mamaki in layi uku kacal ka samu: ranar da aka naɗa shi, kuɗin da ake ba shi a yini, da ranar da aka ba wani gurbinsa.