Amsa ga ƙanena da ke Samaru, mai son zuwa karatun taurari

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma shi ne na huɗu irinsa da na samu daga Zariya tun bayan Sallah. Ka ce ka gama digirin fiziks a ABU, ka gama bautar ƙasa, kana zaune babu abin yi, in nemo maka gurbi "ko a fannin nan naku na taurari ne, in dai za a fita." Wannan "in dai za a fita" ita ta hana ni amsa maka da wuri. Raina ya sosu. Shekara shida na zuba a aikin nan, ba zan so a mai da shi kuɗin mota ba.

Bari in faɗa maka abin da muke yi, don ka san me kake roƙo. Akwai taurari masu zaman biyu-biyu, ɗaya tauraro ne irin rana, ɗayan kuma baƙin rami, wato gawar tauraron da ya mutu ya dunƙule har haske ba ya iya kuɓuce masa. Ramin da ya ninka rana sau 10 a nauyi, faɗinsa kusan kilomita 60 ne kacal, bai kai Zariya zuwa Kaduna ba. Yana zuƙar iskar gas daga abokin zamansa, gas ɗin ya taru kewaye da shi kamar faifai. Sai ya yi shekaru shiru, rana ɗaya faifan ya ɗau zafi, gas ya kwarara ciki, hasken eksire ya ɓarke. Wani irin wannan ramin mai suna V404 Cygni ya ɓarke a 1989, bai sake irin wannan tashin ba sai Yunin 2015. Shekara 26 ke nan, fiye da shekarunka.

Babu madubin hangen nesa da ke nuna mana siffar wurin, ɗigo ɗaya kawai muke gani. Shi ya sa muke auna alƙiblar kaɗawar haske. Ka ɗaure igiya a jikin bishiya, za ka iya kaɗa ta sama da ƙasa ko dama da hagu. Haske ma haka yake kaɗawa, kuma idan ya ci karo da wani abu ya karkata, sai wata alƙibla ta ɗan rinjayi sauran. Daga wannan ɗan rinjayen muke gane yadda gas ya kwanta. Tauraron ɗan'adam na IXPE, na hukumar NASA da takwararta ta Italiya, an harba shi ranar 9 ga Disamba 2021 don wannan aikin. Da ya dubi wani baƙin rami mai suna Cygnus X-1 a 2022, rinjayen kusan kashi 4 cikin 100 ya samu, alƙiblar kuma ta bi layin feshin gas da ke fita daga kusa da ramin, abin da ya nuna gas mai tsananin zafin nan a shimfiɗe yake tare da faifan. A kan wannan kashi huɗun mutane suka yi watanni suna gardama.

Ni ɓangarena hasken da ido ke gani ne, can kuma rinjayen sau da yawa bai kai kashi ɗaya ba. Ga ƙurar sararin samaniya da ke tsakaninmu da tauraron, ita ma tana karkatar da haske. Ka san yadda hazo ke rufe dutsen Kufena a watan Janairu. Dole ka auna taurarin da ke maƙwabtaka, ka cire abin da ƙura ta ƙara, sannan ka ga abin da ya rage. Da irin wannan haƙurin aka gano a 2022 cewa ramin MAXI J1820+070 yana juyi a karkace da fiye da digiri 40 daga hanyar da abokinsa ke zagaya shi, an kuma auna shi ne da madubin hangen nesa na ƙasashen Arewacin Turai da ke tsibirin La Palma na ƙasar Sifen. Yawancin kwanakina a gaban kwamfuta suke ƙarewa, ina neman inda kuskure ya ɓuya a lissafi. Idan ba ka iya yaren kwamfuta na Python ba, ba ka iya lissafin ƙididdiga ba, babu malamin da zai ɗauke ka, ko da a ce da takardar yabo ta farko ka fita.

Ramin kuma ba ya jiran kowa. A Agustan 2023 na zo gida karon farko cikin shekara uku, ka tuna, bikin ƙanwarmu. Ranar 24 ga watan aka gano wani sabon rami da ya ɓarke, Swift J1727.8-1613, cikin 'yan kwanaki ya shiga sahun mafi haske a sama ta fuskar eksire. Ina Tudun Wada, ba wuta, intanet na yankewa, ina ganin saƙonnin abokan aiki suna wucewa. Kafin in koma an danƙa wa wani aikin da na shekara biyu ina shiryawa. Ban yi nadamar zuwa bikin ba, amma har yau abin na ci mini rai. Shekarar da ta biyo baya kuma aka karɓi aikina a wani taro a wata ƙasa, biza ba ta fito ba sai bayan an watse, wani ya tsaya ya gabatar da guminna.

Maganar kuɗi: abin da ake ba ɗalibin digiri na uku a nan Finlan yana riƙe mutum ɗaya, haya ta cinye kaso mai tsoka. A gida kuwa lissafi ake yi da canjin yuro, kowa na ganin kana shara da kuɗi. A Disamba hasken rana bai cika awa shida ba, za ka shiga ofis da duhu ka fito da duhu. Da bazara kuma dare ba ya yin duhu sosai, isha'i da asuba su kusa haɗewa. Ba wanda zai leƙo ya ce maka ina kwana. Na kai takardar bincikena ta farko ga bugawa a cikin wannan hali, kuma ina alfahari da ita, don ba wanda ya share mini hanya.

Idan da gaske kake, kada ka fara da Turai. Ka duba shirin karatun taurari na NASSP na Afirka ta Kudu, inda madubin hangen nesa na SALT da na'urorin hangen nesa na rediyo na MeerKAT suke, ka kuma tuntuɓi masu ilimin taurari a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Kafin nan ga aiki: bayanan IXPE a buɗe suke kyauta a rumbun HEASARC na NASA. Ka sauke na Cygnus X-1, ka bi jagorar da suka ajiye, ka ga ko za ka fitar da kashi huɗun nan da hannunka. Zai iya cin wata biyu, data kuma ni zan saka maka. Ka turo mini abin da ka samu, ko da ba daidai ba ne, a kansa zan rubuta wa malamin da na sani.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta na nan tafe ta hannun mai zuwa Kano.