Mai gida ya ƙi gyara yoyo: in riƙe kuɗin haya?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina haya a Fadaman Mada cikin garin Bauchi, ɗaki biyu da falo, shekara uku ke nan, ina biyan N350,000 a shekara. Tun guguwar farkon daminar bara kwano biyu suka ɗaga, ɗakin yara yake yoyo, silin ya kumbura ya yi baƙi. Sokawe ma ta cika. Na yi wa mai gidan magana ya fi sau goma, kullum sai ya ce za a turo kafinta. Saura wata biyu hayata ta ƙare. Abokaina sun ce in ƙi biya, ko in gyara in cire a kuɗin haya. Babu takardar yarjejeniya tsakaninmu, rasit kawai yake ba ni. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya kawo sauƙi. Na san yadda ake kwana ana jera bokiti da roba a tsakar ɗaki, ana jan katifar yara daga wannan kusurwa zuwa waccan, alhali mutum ya biya kuɗinsa cif. Abin da ciwo.

Amma shawarar farko ta abokanka, kada ka ɗauke ta. Ranar da ka ƙi biyan haya, ranar ka miƙa wa mai gida sandar da zai doke ka da ita. Yanzu kai ne mai ƙorafi. Da zarar bashin haya ya hau kanka, shi zai riga ka zuwa kotu, kuma abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ko ka biya. Bashin haya abu ne mai sauƙin tabbatarwa, rasit na ƙarshe ya isa. Alkawarin turo kafinta kuwa a baki aka yi shi, iska ta tafi da shi.

Akwai wani abu da 'yan haya da yawa ba su sani ba. A dokar da kotunanmu suka gada daga Ingila, idan babu yarjejeniyar da ta ɗora wa mai gida gyara, ba kai tsaye ake tilasta masa ba. Al'ada dai ta san cewa rufi, bango da sokawe na mai gida ne, ƙwan lantarki, kan famfo da makulli na ɗan haya ne, kuma yawancin takardun haya haka suke rubutawa. Kai ba ka da takardar, shi ya sa matsayinka yake da rauni.

Idan kuma kotun shari'ar Musulunci aka je, mazhabar Malikiyya da ake hukunci da ita a nan ta yi magana a kan irin matsalarka daidai. A cikin Muhtasar na Shehu Halil an ce ba a tilasta wa mai ba da haya yin gyara, amma idan lalacewar mai cutarwa ce, kuma misalin da aka kawo shi ne zubar ruwan sama daga rufi, to ɗan haya yana da zaɓi: ya warware hayar ya fita, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya ya hau kansa. Malaman da suka yi sharhi sun ƙara da cewa wanda ya gyara ba da izinin mai gida ba, ana ɗaukarsa kamar mai sa kai ne. Ka ga ke nan shawara ta biyu ma, wato ka gyara ka cire, tana iya sa ka yi asara biyu idan ka yi gaban kanka.

Sai dai wannan shawarar ta biyu ita ce hanyar da nake so ka bi, da sharaɗin izini a rubuce. Kuma lokacin da kake ciki ya fi kowane dacewa, domin mai gida ya fi sauraron ɗan haya sa'ad da yake jiran kuɗin sabuwar shekara.

Ka fara da ɗaukar hoto da bidiyo, musamman lokacin da ake ruwa, a ga ɗigon yana sauka. Ka kira kafinta ya hau ya duba, ya rubuta maka abin da ake bukata: kwano nawa, katako nawa, kusa, silin, da kuɗin aikinsa. Ka leƙa kasuwa ka tabbatar da farashin da kanka, kada a ce ka haɗa baki da shi. Daga nan ka rubuta wa mai gida takarda cikin ladabi, da kwanan wata, ka lissafa abin da ya lalace, ka ce ko dai ya gyara cikin mako biyu, ko ya amince ka gyara a cire daga hayar da ke tafe. Ka riƙe kwafi, ka kuma tura masa hotonta ta WhatsApp. In ta hannun ejan kake biya, shi ma a ba shi.

Kada ka je kai kaɗai. Ka nemi mai unguwa ko limamin masallacinku ya zauna da ku. A garin nan dattijo yakan ji kunyar idon liman fiye da yadda yake tsoron takardar lauya, kuma na sha ganin maganar da ta yi shekara tana ja ta ƙare a zaure bayan sallar La'asar. In ya amince, a rubuta adadin kuɗin, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ka ajiye rasit ɗin kowane kwano da ka saya. A wannan zaman kuma ka nemi a rubuta yarjejeniyar haya ta sabuwar shekara, a fayyace gyaran da ke kan kowa.

Maganar sokawe daban ce, don ta shafi lafiyar makwabta. Duba-gari na ƙaramar hukuma suna da ikon ba da notis a kawar da ƙazanta. Amma ka sani suna iya miƙa notis ɗin ga wanda suka tarar a gidan, shi ya sa takardarka ta ƙorafi take da amfani, ita za ta nuna ka sanar da mai gida tun tuni.

In ya fusata ya ce ka tashi, kada hankalinka ya tashi. Ɗan hayan shekara, inda babu wata yarjejeniya daban, notis na wata shida ake ba shi, sannan na kwana bakwai, sannan kotu ce kaɗai take fitar da mutum. Mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje. In ya yi, kai ne za ka yi ƙararsa ka nemi diyya. Wannan kariyar ma tana ƙarfi ne idan ba a bin ka bashi. Idan ba ka da halin ɗaukar lauya, ka je ofishin Legal Aid Council da ke Bauchi ka nemi shawara.

In kuwa ya ƙi gyara, ya ƙi ba da izini, ni ban ga dalilin zuba masa wata N350,000 ba. Ka yi amfani da wata biyun nan ka nemi wani gida. Kafin nan, ka fitar da yara daga ɗakin yau ɗin nan, silin da ya sha ruwa yana iya ruftowa cikin dare, kuma ka sa mai gyaran wuta ya yanke layin da ya bi ta cikinsa.